Duhun Ido Na Tsufa

Ba kowane duhun idon tsoho ne yana ba. Can bayan ƙwayar ido akwai ɗan wurin da muke karatu da gane fuska da shi. Bayan shekara 50, yakan lalace ga wasu: suna ganin gefe, amma tsakiya ta dushe, miƙaƙƙen abu ya karkace. Shan taba yana ƙara haɗarin. Zogale, alayyafo da kifi suna taimakon ido.

Ɗalibai, in kun je hutu Gwarzo ko Kabo, ku roƙi kakanninku su rufe ido ɗaya su dubi bakin ƙofa. In ya lanƙwashe, a hanzarta zuwa Asibitin Ido na ECWA, Kano. Akwai irin da allura ke tsayarwa, muddin an zo da wuri.