Taskar da Ke Cikin Giram Guda

A shekarar 1905 ne Albert Einstein, wanda a lokacin ma'aikaci ne a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na birnin Bern a ƙasar Suwizalan, ya fito da wata ƙa'ida wadda, ko da yake haruffanta ba su cika layi guda ba, ta warware abin da malaman ɗabi'a suka yi ittifaƙi a kansa tun da daɗewa, wato cewa nauyi daban, makamashi daban. Ya kafa hujja cewa asalinsu ɗaya ne, kuma wanda ke son sanin makamashin da ke ƙunshe cikin wani abu, sai ya ninka nauyinsa da saurin haske har sau biyu, alhali kuwa haske na cin kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa guda.

Idan aka bi wannan hisabi, giram guda, wanda bai kai nauyin ƙwayar goro ba, daidai yake da awar kilowat miliyan 25. Ke nan, da madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, daga baya kuma ƙarfin injunanta ya kai megawat 760, za ta yi aiki iyakar ƙarfinta, sai ta kwana ta wuni, ta ƙara awa tara, kafin ta biya wannan giram.

Amma fa kada mai karatu ya yi gaggawar murna, domin sanin adadin dukiya bai zama mallakarta ba. Hasali ma, ko a tashoshin nukiliya na Faransa, waɗanda a baya suka daɗe suna amfani da yuraniyam ɗin garin Arlit na Nijar, idan ƙwayar zarra ta tsage, kimanin kashi ɗaya cikin dubu na nauyinta ne kaɗai ke juyewa zafi, zafin ya tafasa ruwa, tururi ya juya injin. Duk da wannan ƙaranci, ƙarfinsa ba abin rainawa ba ne, domin abin da ya juye a bam ɗin Hiroshima a 1945 bai cika giram ba, wal'iyazu billahi.

To, ina ake kai wuta mai yawa haka? Galibi zato kan tafi ga fitilun gidaje, amma a ganina wanda ke son fahimtar lamarin ya dubi masana'antar alminiyam, inda kowane kilo kan lashe awar kilowat wajen 14, ta yadda giram ɗin nan namu zai fitar da tan kusan 1,800 na ƙarfen. Saboda irin wannan buƙata ce Kwame Nkrumah ya sami kuɗin gina madatsar Akosombo a Gana, bisa sharaɗin cewa kaso mai tsoka na wutar ya tafi masana'antar Valco da ke Tema. Kuma irin wannan masana'anta ba ta jure ɗaukewar wuta, domin idan ta yanke na 'yan awoyi, abin da ke cikin tukwanen sai ya daskare, a koma fasa shi da guduma kafin aiki ya sake tashi.