Kasuwar Makamai: Manya Na Haɗiye Ƙanana, Sababbin Shiga Na Neman Rumfa

Duk ɗan kasuwa ya san cewa idan masu sayar da haja suka yi yawa, mai saye ne sarki. Idan kuwa suka ragu suka koma 'yan kaɗan, to sai yadda suka ce. Haka abin yake har a kasuwar makamai ta duniya, inda kamfanoni ke sayen junansu kamar yadda ake sayen rumfa da kayan cikinta.

A Amurka abin ya samo asali ne bayan ƙarewar yaƙin cacar baka. A shekarar 1993 ma'aikatar tsaron ƙasar ta tara shugabannin kamfanonin, ta shaida musu cewa kuɗin sayen makamai zai ragu, don haka su haɗe. Lockheed da Martin Marietta suka zama ɗaya a 1995, Boeing ya haɗiye McDonnell Douglas a 1997. Wani rahoton ma'aikatar na 2022 ya nuna cewa manyan kamfanoni 51 sun koma 5 kacal. Da hukumomi suka ga hatsarin haka sai suka fara taka burki. A 2022 sun kai ƙarar Lockheed Martin don hana shi sayen Aerojet Rocketdyne mai ƙera injinan rokoki, ya kuma janye. Kamfanin L3Harris ne ya saye shi a 2023 kan dala miliyan dubu 4 da ɗari 7.

To amma idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Yaƙin da ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022 ya nuna cewa ƙaramin jirgi maras matuƙi mai araha yana iya ƙona tankar yaƙi ta miliyoyin daloli. Wannan ya buɗe wa sababbin shiga ƙofa. Kamfanin Anduril na Amurka, wanda aka kafa a 2017, bai tsaya koyon komai daga tushe ba. Ya sayi mai ƙera ƙananan jirage a 2021, mai ƙera na'urorin ƙarƙashin teku a 2022, da mai injinan rokoki a 2023. Dabarar a fili take: sayen kamfani tare da ƙwararrunsa ya fi sauri a kan shafe shekaru ana bincike.

Wanda ya fi shafar mu shi ne Baykar na Turkiyya, mai ƙera jirgin Bayraktar TB2. Nijar ta karɓi nata a 2022, kuma Mali da Burkina Faso da Togo su ma sun saya, saboda ya fi na Amurka araha kuma ba ya zuwa da tarin sharuɗɗa. A watan Disamban 2024 gwamnatin Italiya ta amince wa Baykar ya sayi Piaggio Aerospace, tsohon kamfanin jirage da bashi ya durƙusar tun 2018. A 2025 kuma ya ƙulla haɗin gwiwa da Leonardo, babban kamfanin makamai na Italiya. Wato ba masana'anta kawai ya saya ba, ya sayi rumfa ce a tsakiyar kasuwar Turai.

Ina ruwan mai fatauci a Konni ko Jibiya da wannan? Kuɗin da ake sayen jiragen daga baitulmali suke fitowa, wato daga haraji da kuɗin kwastan da kuke biya. Sannan ciniki ba ya ƙarewa ranar da jirgi ya sauka. Akwai kayan gyara, da harsasai, da horar da ma'aikata, duk daga hannun mai shi. Muddin gasar na da zafi, ƙasashenmu na da bakin tayawa. Ranar da sababbin nan suka zama manya suka rufe ƙofa, farashi zai koma hannunsu. Shi ya sa ya kamata gwamnatoci su yi irin hikimar da kowane falke ya sani: kada ka bar wuyanka a hannun dillali ɗaya.