JIRI GA TSOFAFFI: BA TSUFA KAƊAI BA NE



A nan ƙasar Bagudo, daga Kaoje zuwa Illo da Lolo har Tsamiya, gidaje da yawa suna da tsoho ko tsohuwa mai kukan jiri. Kaka ta ɗago daga sujada, sai ka ji ta ce ɗaki yana juyawa. Baba tsoho ya miƙe daga tabarma, sai ya dafa bango. Mu kuma mu ce ai tsufa ne, wasu ma su ce iska ce. Alhali jiri yana da dalili, kuma galibi likita yana iya gano shi.

Abin ba na wasa ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 a kowace shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa.

ME KE RIƘE MUTUM A TSAYE?

Abu uku ne: ido, da kunnen ciki, da jijiyoyin ƙafa masu jin ƙasa. Dukkansu suna kai saƙo ga ƙwaƙwalwa. In ɗaya ya yi rauni, ko jini bai isa kai sosai ba, sai jiri ya taso.

ABUBUWAN DA KE KAWO SHI

1. Kunnen ciki. Akwai wasu 'yan ƙwayoyi a can ciki, ƙanana fiye da yashi. In suka goce daga mazauninsu, da mutum ya juya a shimfiɗa ko ya sunkuya sai hajijiya ta ɗebe shi, yawanci ƙasa da minti ɗaya, sannan ta lafa. Wannan yana da sauƙin magani. Wani likita Ba'amurke, John Epley, ya wallafa hanyar a 1992: likita ya kwantar da mutum, ya juya masa kai daki-daki har ƙwayoyin su koma wurinsu. Ba allura, ba tiyata.

2. Saukar jini in an miƙe da sauri. Ido ya yi duhu, ƙafa ta saki. Ya fi yawa da bazara, ko ana azumi, ko an wuni a fadamar shinkafa ba a sha ruwa sosai ba.

3. Magunguna. Maganin hawan jini da na barci suna iya sa jiri. Mai ciwon sukari in ya sha magani bai ci abinci ba, sukarinsa yakan sauka, ya yi gumi da rawar jiki. Allurar jantamaisin kuma tana iya lalata kunnen ciki. Mu da ke bakin iyakar Benin sai mun ƙara kula, domin wani maganin da ake sayowa daga Segbana ko kasuwannin iyaka rubutunsa da Faransanci yake, ana sha ba a san ƙa'idarsa ba.

4. Ƙarancin jini, da yanar ido, da mutuwar tafin ƙafa irin ta masu ciwon sukari.

AIKINKA, ƊALIBI

Kai da ka iya rubutu, da ajami ko da boko, ɗauki takarda ka rubuta: yaushe jirin yake zuwa wa Kaka? Tana kwance ne ko ta miƙe? Minti nawa yake yi? Ta ci abinci? In za a je asibiti a tafi da takardar, a haɗa da duk magungunan da take sha cikin leda ɗaya. Kada a dakatar da maganin hawan jini sai likita ya ce.

A gida kuma, tsoho ya ɗan zauna a bakin gado kafin ya miƙe. A ajiye masa ruwan sha da tocila kusa da shi. A kawar da igiya da turmi daga hanyar bayan gida, a samo masa sanda. Kada a bar shi ya shiga kwalekwale ko ya hau babur shi kaɗai. Wanda tsayuwa ta gagare shi, shari'a ta yarda ya yi salla a zaune. Batun azumi kuwa, a tambayi likita da malami.

ALAMUN HAƊARI

In jiri ya zo tare da karkacewar baki, ko harɗewar harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko ganin abu bibbiyu, ko ciwon ƙirji, ko suma, to kada a jira gari ya waye. Yana iya zama shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya. A garzaya asibiti mafi kusa, in sun tura Birnin Kebbi a tafi nan take.

Allah ya ba iyayenmu da kakanninmu lafiya, ya ba mu ikon kula da su. Amin.