Gyambon kwanciya: gwangwanin kemis ko juya tsoho?

A 'yan shekarun nan, da zarar gyambo ya ɓulla a ƙugun tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, sai ka ga 'ya'yansa sun nufi kemis. A can za a miƙo musu gwangwanin garin furotin da ƙwayoyin zink da bitamin C, a ce su ne ke cike rami. Kuɗin ba kaɗan ba ne, alkawarin kuma ya wuce abin da bincike ya tabbatar.

Gyambon kwanciya danniya ce ke kawo shi. Idan mutum ya daɗe a gefe guda, fatar da ke tsakanin ƙashi da katifa takan rasa jini, musamman a ƙasan gadon baya da kwankwaso da diddige, sai naman wurin ya mutu. Kamar ciyawa ce da aka ɗora wa dutse: duk takin da za ka barbaɗa, ba za ta farfaɗo ba sai an ɗauke dutsen. Shi ya sa malaman jinya ke nanata a riƙa juya mai kwanciya kamar duk bayan awa 2, a tsane masa fitsari da gumi, a ɗage diddigensa da matashi. Gidan da ya bar wannan ya dogara da gwangwani, asarar kuɗi kawai yake yi.

Wani zai ce ai an gwada an ga amfani. Haka ne, amma a kan wa? A binciken da aka yi a Italiya, aka wallafa a 2015, an bai wa marasa lafiya 200 abin sha mai gina jiki na tsawon mako 8. Waɗanda nasu ke da ƙarin sinadarin ajinin da zink da wasu bitamin, faɗin gyambonsu ya ragu da kusan kashi 61 cikin ɗari, sauran kuwa kashi 45. Sai dai dukkansu masu fama da ƙarancin abinci ne, kuma ana wanke musu ciwon ana juya su. Da cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 23 a 2014, ba ta samu hujja bayyananniya cewa waɗannan ƙarin suna warkar da gyambon ba. Shi kuma zink, idan aka daɗe ana shan mai yawa, yakan hana jiki tsotsar sinadarin jan ƙarfe (kofa), ya jawo ƙarancin jini.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, a gidan da ake sayen gwangwanin, a nan ake hana tsoho ƙwai da gyaɗa da madara, wai suna sa gyambo ya yi ruwa. Sai a bar shi da koko tsurarsa safe da yamma. Alhali ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta 2019 ta nemi mai gyambon da ya rame ya samu furotin giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa kullum. Tsohuwa mai kilo 50 tana bukatar giram 60 zuwa 75 ke nan, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal. Dole a haɗa da alala, awara, kunun gyaɗa, fura da nono, da kifin da aka cire wa ƙaya, kaɗan-kaɗan sau da yawa, tare da isasshen ruwa. Mai ciwon ƙoda ko suga, likita ne zai tsara masa.

Gwangwanin yana da ranarsa: ga wanda ba ya iya tauna, ko ya ci loma biyu ya kawar da kai, ko yake ta zubewa duk da ƙoƙarin gida. Wanda ya dace ya gane hakan ma'aikacin lafiya ne da ya duba majinyacin, ba mai shagon da ke son kayansa su tafi ba. A nan asibitocinmu ke da laifi: sai a sallami tsoho da doguwar takardar magani, ba tare da an nuna wa mai jinyarsa yadda ake juya shi ko abin da zai ci ba.