Cocin Katolika na Malumfashi Ba na Baƙi Ba Ne

Idan aka ambaci cocin Katolika a ƙasar Hausa, da yawa sukan ce ai na baƙi ne, na 'yan Kudu mazauna Sabon Gari, ranar da suka tattara kayansu kuwa sai dai a sa masa kwado. Na ji wannan daga bakin dattawan da nake girmamawa, kuma maganar tasu tana da tushe. Turawan mulkin mallaka sun taƙaita aikin mishan a cikin masarautun Arewa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ma'aikatan reluwe da akawu da 'yan kasuwa daga Kudu su ne suka fara cika majami'u. Sai dai labarin bai tsaya nan ba, tarihin ikilisiyar Saint Vincent Ferrer ta Malumfashi kuwa shaida ne.

A 1953 aka danƙa yankin Sakkwato da Katsina a hannun limaman Dominika daga Amurka, ya zama dayosis a 1964 ƙarƙashin Bishop Edward Lawton. Sai ga rikicin 1966, dubban 'yan kabilar Ibo suka koma gida, majami'un birane suka yi fayau. Da a ce cocin na baƙi ne zalla, da a nan ya mutu. Maimakon haka sai aikin ya karkata zuwa ƙauyukan Maguzawa da ke kewayen Malumfashi da Ƙafur, wurin manoman dawa da auduga, Hausawa gaba da baya.

A nan ne ainihin girman ikilisiyar ya faru, kuma katikis ne ƙashin bayansa. Fada ɗaya ba ya iya zagaye ƙauyuka masu yawa kowace Lahadi, musamman da damina. Katikis ɗan ƙauyen shi ke tara jama'a, ya karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, ya shirya masu neman baftisma, ya koyar da yara karatu, ya tsaya a kan jana'iza. Saboda muhimmancinsa aka kafa makarantar horar da katikis a Malumfashi. Taron Batikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya buɗe ƙofar yin ibada da harshen jama'a, sai waƙa da addu'a suka koma Hausa. 'Yan Zumuntar Mata suka ɗauki nauyin duba marasa lafiya da tarbar baƙi, manoma kuma suka riƙa kawo dammunan hatsi baikon godiya bayan kaka.

Wani zai ce ai har yanzu akwai 'yan Kudu a ciki. Gaskiya ne, kuma suna da haƙƙinsu a wurin. Amma a dubi abin da ƙasar ta haifa. A 2023 Paparoma Francis ya yanke dayosis ɗin Katsina daga na Sakkwato, ya naɗa Gerald Mamman Musa, haifaffen Malumfashi a 1971, ya zama bishop na farko. Bahaushe ne da ya tashi a wannan ikilisiya.

Wahalar yankin ma ba ta tsallake 'yan ikilisiyar ba. A watan Mayun 2021 'yan bindiga suka afka gidan limaman ikilisiyar, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka sace Fada Joseph Keke. Bala'in da ya hana manomi Musulmi zuwa gona shi ne ya taɓa su.

Ba na neman kowa ya bar aƙidarsa. Roƙona shi ne mu daina kiran maƙwabci baƙo alhali kaburburan kakanninsa suna nan kusa da na namu. Wanda aka ɗauka baƙo, da wuya a tuna da shi wajen rabon makaranta, asibiti ko tsaro, kuma mutanen nan 'yan ƙasa ne da suka cancanci a tuna da su.