Igama: Katin da rayuwar baƙo ta rataya a kansa a Saudiyya

Ƙidayar jama'a da aka gudanar a Saudiyya a shekara ta 2022 ta nuna cewa daga cikin mutane miliyan 32 da ke zaune a ƙasar, fiye da miliyan 13 baƙi ne. Kusan dukkan harkokin waɗannan baƙi na yau da kullum sun rataya ne a kan kati guda, wato takardar izinin zama da ake kira igama.

Hukumar kula da fasfo da shige da fice ta ƙasar, wadda aka fi sani da Jawazat, ita ke bayar da katin. Yana ɗauke da hoton mai shi da sana'arsa da kuma lamba mai alƙaluma 10, wadda ke farawa da 2, yayin da ta 'yan ƙasa ke farawa da 1. Da wannan lamba ce baƙo ke buɗe asusu a banki, ya sayi layin waya, ya kama hayar gida bisa ƙa'ida, ya sa 'ya'yansa a makaranta, ya kuma aika kuɗi gida.

Hannun kafili

To sai dai kuma ba ma'aikaci ne ke nema wa kansa igama ba. Wanda ya ɗauke shi aiki, wato kafili, shi doka ta ɗora wa alhakin fitar da ita cikin kwanaki 90 da shigowar ma'aikacin, da kuma sabunta ta idan wa'adinta ya cika. Haka nan ba a sabunta igamar ma'aikacin kamfani sai an biya masa inshorar lafiya, wadda da ita yake ganin likita.

Abin da wannan ke nufi shi ne, mutum na iya shiga ƙasar ta halaltacciyar hanya, amma ya wayi gari ba shi da takardu saboda sakacin kafilinsa. Idan kuwa saɓani ya shiga tsakaninsu har kafili ya kai rahoton cewa ma'aikaci ya gudu, abin da ake kira hurub, to ma'aikacin na cikin haɗarin kamu da kora. Ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta Human Rights Watch ta sha sukar wannan tsari na kafala, tana mai cewa yana bai wa iyayen gida damar danne haƙƙin ma'aikata.

A watan Maris na 2021 hukumomi suka sassauta dokar, inda ma'aikacin kamfani ya sami damar sauya wurin aiki bayan shekara guda, da kuma fita daga ƙasar ba tare da amincewar kafili ba. Amma sassaucin bai haɗa da masu aikatau a gidaje da direbobin gida da makiyaya ba.

Iyali ma ba kyauta suke zama ba. A watan Yulin 2017 aka fara karɓar riyal 100 a kowane wata a kan kowane mutum da ma'aikaci ke ɗauke da nauyinsa, kuɗin da ya kai riyal 400 a 2020.

Waɗanda suka maƙale

Lamarin ya fi tsanani ga waɗanda suka shiga da bizar Hajji ko Umara suka ƙi komawa. Wannan biza ba ta ba da izinin aiki, kuma da zarar ta ƙare mai ita ya zama mai karya doka. Daga cikinsu akwai 'yan Najeriya da Nijar da Chadi, waɗanda a Makka da Jidda ake kira Takari.

Irin waɗannan mutane kan guji asibiti don gudun kada a tambaye su takarda. Wannan ne ma ya sa a watan Maris na 2020 Sarki Salman ya ba da umarnin a yi wa kowa maganin cutar korona kyauta, har da marasa izinin zama. Kuma da yake haihuwa a Saudiyya ba ta mai da mutum ɗan ƙasa, ɗan da aka haifa wa iyaye marasa igama yakan gaji matsalarsu, ko da bai taɓa taka wata ƙasa ba.

A 2013 da 2017, gwamnati ta yi afuwa ta wasu watanni domin marasa takardu su fice ba tare da tara ba, kana samame ya biyo baya. Waɗanda aka kama a yankin Makka akan tsare su a sansanin Shumaisi kafin a tasa ƙeyarsu. A farkon 2021 gwamnatin Najeriya ta kwaso ɗaruruwan 'yan ƙasarta daga Saudiyyar.

Don haka ga mai niyyar tafiya neman kuɗi, abin dubawa tun daga gida shi ne irin bizar da dillali ya buga masa, da sunan kafilin da zai yi wa aiki, da kuma sana'ar da aka rubuta a kwantiragi, domin aiki a wajen wani da ba kafilin ba shi ma laifi ne a dokar ƙasar.