Ina alƙawarin kare makarantu ya kwana?

Ranar 17 ga Yuni 2021, 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri da rana tsaka, suka kashe ɗan sanda, suka tasa ƙeyar ɗalibai da wasu malamansu zuwa daji. Sai a 2023 'yan matan ƙarshe suka dawo gida.

Tun kafin wannan rana Najeriya ta sha yin alƙawari a gaban duniya. A Mayun 2014, bayan sace 'yan matan Chibok, tsohon Firaministan Birtaniya Gordon Brown ya ƙaddamar da shirin kare makarantu a Abuja, manyan 'yan kasuwa suka yi alƙawarin dala miliyan 10. A 2015 Najeriya ta amince da yarjejeniyar Oslo kan hana kai hari makarantu. Wata huɗu bayan harin Birnin Yauri, Abuja ce ta karɓi baƙuncin taron ƙasashen duniya kan wannan yarjejeniya.

Malami fa? A Oktoban 2020 Shugaba Buhari ya yi masa alƙawarin albashi na musamman da alawus na aikin karkara. Dokar ritaya a shekara 65 ta fito a 2022, albashin kuwa shiru kake ji.

A ganina dalilin rashin cika waɗannan alƙawura ba ɓoyayye ba ne: yawancin masu riƙe da baitulmali 'ya'yansu na makarantun kuɗi a Abuja ko Ingila, da katanga da masu gadi. Malamin da aka tura Shanga ko Ngaski shi ke hawa babur ko kwalekwale da asuba, da alli a aljihu, ba ya da tabbacin komawa gida lafiya.